Yadda na gyara shekarar kafa BAT a maƙalar Wikipedia

Alhamdulillahi, gyaran ya zauna. Maƙalar British American Tobacco (BAT), kamfanin taba sigari, da nake bibiya daga nan Sakkwato ta ce an kafa kamfanin a 2000, alhali 1902 ne, lokacin da Imperial Tobacco ta Ingila da American Tobacco ta Amurka suka haɗa gwiwa. Ina sauyawa, wani edita ya mayar, wai babu madogara.

Na sa shafin kamfanin, aka ce bakin mai kaya ne, a kawo wani. Tsohon rahoton jaridar da ke cikin manazarta kuma adireshinsa ya mutu.

Ashe uwar kamfani da reshenta na Najeriya aka cakuɗa. Sai na raba jimlar biyu: 1902 ga uwar da ke Landan, 2000 ga reshen da ya haɗe da Nigerian Tobacco Company, sannan masana'antar Ibadan a 2003. Na liƙa mataccen adireshin a Wayback Machine, ma'ajiyar tsoffin shafukan intanet, na samo kwafinsa, na cike guraben madogarar na archive-url da archive-date (adireshin kwafin da ranar adana shi), na sa url-status=dead don nuna adireshin asali ya mutu. Kowace shekara da madogararta daf da ita. A akwatin taƙaitawa na rubuta dalili, kada wani ya sake mayarwa a makance.

Na gode wa Malama da ta sake duba mini.