Darasi na 7: Kalmar branch, wato reshe

To jama'a, yau kalma ɗaya tak za mu kama ta Ingilishi, branch, haruffa shida ne: b, r, a, n, c, h. Ma'anarta ta farko reshe, irin reshen darbejiyar nan da muke shan inuwarta a titunan Marwa. In suna da yawa sai a ƙara es a ce branches, rassa ke nan. Ɗan siririn da ake karyowa a yi asuwaki kuwa twig sunansa.

Wanda ya ɗan taɓa Faransanci zai ce ai na san ta, kuma bai yi ƙarya ba, Turawan Ingila daga Faransanci suka aro ta bayan mutanen Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, sun ci ƙasarsu a 1066. Sai dai faɗin ya bambanta, Bafaranshe yana ƙarasa ta da sh kamar a shayi, a Ingilishi kuwa ch ɗin nan shi ne c namu na cokali, don haka Bahaushe bai da wahala a nan.

Yadda muke cewa reshen banki, haka su ma. In hedkwatar kamfani tana Duwala, ofishinsu na Garwa shi ne Garoua branch, shugaban wurin kuma branch manager. Mu nan mun fi saba ganin agence, wato reshe da Faransanci, a jikin allo, amma Kamaru harshen gwamnati biyu gare ta, ranar da takarda ta zo maka daga Bamenda ko daga abokin ciniki a Mubi branch za ka gani, kar ka tsaya neman bishiya. Dangi ma ana ce wa kowane ɗaki branch, haka hanya in ta rabu biyu, the road branches.

Ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, don a nan masu Faransanci suke faɗawa rami. Brancher a Faransanci jona abu ne a wuta, to sai ka ji yaro ya ce zai branch wayarsa, shi a ganinsa ya yi Turanci, alhali Baturen Ingila zai yi ta kallonsa ne kawai, plug in ake cewa. Akwai kuma na 'yan Najeriya da 'yan Bamenda, I go branch for your house, wai zan biyo ta gidanka. Wannan Turancin kasuwa ne, yana aiki a tasha, amma Alhaji kar a sa shi a wasiƙar banki.

Aikin gida: rubuta branch sau biyar da branches sau biyar. Sannan ka duba allunan da ke hanyarka ta zuwa kasuwa, duk inda ka ga agence rubuto sunan wurin, gobe mu mai da shi Ingilishi tare.