Yadda Ake Ziyartar Zauren da Aka Haifi Amurka a Filadelfiya

Wanda ya je birnin Filadelfiya da niyyar ganin Independence Hall, ginin jan bulo da ke kan titin Chestnut, ya kamata ya san cewa lokacin da ake bai wa baƙo a ciki bai wuce kimanin minti ashirin ba, don haka shiri tun daga gida shi ne rabin ziyarar. Shiga kyauta ce, amma a yawancin watannin shekara sai da tikiti mai ɗauke da lokaci, wanda ake tanada ta intanet da ɗan kuɗin hidima. A iso da rabin awa kafin lokacin, domin akwai binciken jaka a ƙofa.

An fara ginin a 1732 a matsayin majalisar yankin Fensilbaniya, a zamanin mulkin Ingila. Jami'in da ke jagorantar baƙi yakan fara da ɗakin kotu, sannan ya tsallaka da su zuwa ɗakin taro, kuma a nan ne ya kamata mutum ya ajiye waya ya buɗe ido. Ɗaki ne ƙarami ƙwarai idan aka auna shi da abin da ya faru a cikinsa, tebura lulluɓe da koren ƙyalle, da alƙaluman gashin tsuntsu a kansu. A nan aka amince da sanarwar 'yancin kan Amurka ranar 4 ga Yuli, 1776, a nan kuma aka sa hannu a kundin tsarin mulki ranar 17 ga Satumba, 1787, bayan wakilai sun shafe watannin zafi suna muhawara da tagogi a rufe don kada maganarsu ta fita.

Yawancin kayan ɗakin ba na asali ba ne, amma kujerar da ke can gaba ita ce ainihin wadda George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya zauna a kai yana shugabantar taron 1787. A dubi saman jinginarta da kyau, za a ga rabin rana da aka sassaƙa. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin wakilan taron, ya ce ya daɗe yana kallonta bai san ko fitowa take yi ko faɗuwa ba, sai ranar sa hannu ya tabbata fitowa ce.

A ganina, bai dace baƙo, musamman ɗan Afirka, ya fita daga ɗakin nan ba tare da ya tuna cewa a cikinsa aka yarda a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, aka kuma hana dokar soke shigo da bayi har zuwa 1808. A tambayi jami'in game da wannan kai tsaye, domin tarihin ɗakin ne.

Bayan an fito, a leƙa ɓangaren yamma a ga kurtun tawada na azurfa da ake jin da shi aka yi amfani wajen sa hannu a sanarwar da kundin, sannan a tsallaka titi zuwa wurin tsagaggiyar ƙararrawar 'yanci (Liberty Bell), wata tsohuwar ƙararrawa da Amurkawa ke ɗauka a matsayin alamar 'yancinsu, wadda ganinta ba ya buƙatar tikiti, sai dai haƙurin bin layi.