Yadda Ake Zaɓen Littafin Jagora Don Tafiya Paris, Da Inda Ya Kamata A Yarda Da Shi

Ƙanena ya samu gayyatar taron kwana biyar a Paris, sai ya shigo ɗakina ya ɗauko wani littafin jagorar matafiya daga kanta. "Yaya, ara mini wannan mana." Na ce ya buɗe ya duba shekarar bugu. 2018. Na karɓe abina, muka zauna na yi masa bayanin da zan maimaita a nan, don duk wanda zai shiga wani birnin Turai karon farko yana bukatarsa.

Fara da shekarar bugu, kafin ka kalli hoton bango. Tana cikin shafin ƙananan rubutu, ko a farkon littafin ko a ƙarshensa. Ka kuma sani cewa marubucin ya zaga garin watanni kafin a buga, saboda haka labarin da ke ciki ya girmi shekarar da ka gani. Dubi abin da ya sauya a Paris kaɗai. Cocin Notre-Dame ya yi gobara ranar 15 ga Afrilun 2019, ba a sake buɗe shi ba sai Disamban 2024. Layi na 14 na metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, ya isa filin jirgin saman Orly a Yunin 2024. A Janairun 2025 aka sauya tsarin kuɗin tikitin metiro da na RER, jiragen ƙasa masu haɗa birnin da kewayensa. Cibiyar Pompidou kuwa, gidan baje zane-zanen zamani, an rufe ta a 2025 don gyaran da zai ɗauki shekaru. Littafin 2018 bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma zai tura ka ƙofar Pompidou da cikakken ƙarfin gwiwa. In bugun ya wuce shekara biyu, bar shi.

Sai zaɓen iri. In gari ɗaya za ka, sayi littafin garin. Na ƙasar Faransa baki ɗaya nauyi ne kawai a jaka. Kamfanonin kuma kowa da halinsa. Lonely Planet da Rough Guides rubutu ne mai yawa, da jerin masauki da wuraren cin abinci daga mai araha zuwa mai tsada. DK Eyewitness hotuna da zane-zanen gine-gine ne ƙarfinsa, ya dace da wanda yake son ya ga abu kafin ya je. Rick Steves yana zaɓa maka ne kai tsaye, ya ce je nan, kada ka ɓata lokaci can, amma da Amurkawa yake magana. Wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ya duba Le Routard, wanda tun 1973 yake yi wa Faransawa masu tafiyar ƙaramin guzuri jagora. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in buɗe unguwa ɗaya, a ce Montmartre, a littattafai biyu, in karanta. Wanda ya faɗa mini tashar da zan sauka da tsawon lokacin da zan ɗauka, shi nake biya. Wanda ya cika ni da "kyakkyawa" da "mai ban sha'awa" nakan mayar da shi inda na ɗauko.

Da ka saya, karanta shi a gida, da biro a hannu. Taswira za ka fara yi wa karatun allo. Paris gundumomi 20 ce, sun naɗe kamar bawon dodon koɗi, daga ta ɗaya inda gidan tarihin Louvre yake zuwa ta 20 a gabas. Lambobi biyun ƙarshe na lambar gidan waya su ne gunduma: 75005 na nufin ta biyar, 75018 ta 18. Da ka gane wannan, adireshin otal kawai za ka kalla ka san ko tsakiyar gari ne ko gefe. Daga nan ka haɗa wuraren da ke kusa da juna a rana ɗaya, ka kuma rubuta ranakun hutu a gefen shafi: Louvre ba ya buɗewa ran Talata, gidan tarihin Orsay da fadar Versailles ran Litinin suke rufewa.

Yanzu ga inda maganar take. Raba abin da ke cikin littafin gida biyu. Abin da ba ya motsi, ka yarda da shi: tarihin gini, wace unguwa ke maƙwabtaka da wace, hanyar da za ka bi da ƙafa daga bakin kogin Seine zuwa lambun Luxembourg, ɗakin da ya cancanci tsayawa a gidan tarihi mai ɗakuna ɗaruruwa. A nan littafi ya fi bidiyon minti ɗaya na waya nesa ba kusa ba, domin wani ne ya zauna ya tsara, edita ya bi baya. Abin da ke motsi kuwa, farashi da lokacin buɗewa da gidajen abinci, ɗauke shi a matsayin jita-jita har sai ka tabbatar a shafin intanet na wurin. Kuɗin shiga Louvre ya tashi daga Yuro 17 zuwa 22 a Janairun 2024, sannan a Janairun 2026 ya koma 32 ga baƙin da suka fito daga wajen Turai, wato mu ke nan. Ni ma na taɓa bin wani littafi har ƙarshen layi neman gidan abincin da ya yaba, na tarar shagon gyaran waya ne. A watan Agusta ma ƙananan shaguna da dama sukan kulle su tafi hutu.

Akwai kuma abin da littafin ya yi shiru a kai, don ba da mu aka yi lissafi ba wajen rubuta shi. Sashen biza yakan wuce a 'yan layuka, tunda Ba'amurke ko Bature ɗan Ingila ba ya bukatarta don gajeriyar ziyara. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Schengen, ta gamayyar ƙasashen Turai da Faransa ke ciki, wadda iyakarta kwana 90 cikin 180, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Wannan daga ofishin jakadanci ake jin sa. Haka abinci: littafi zai yaba maka wani girki bai ce da naman alade ko giya aka yi shi ba. Rubuta kalmomin nan a bangon ciki: porc, jambon, lardons, duk alade ne, "au vin" kuma da giya aka dafa. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana gunduma ta biyar kusa da tashar Place Monge a layi na 7. Littattafai sukan ambace shi ne don kyan gini da shayin na'ana'a, ba ruwansu da lokacin Juma'a. In kewar gida ta kama ka, sauka a Château Rouge a layi na 4, kasuwar 'yan Afirka ce, da kuɓewa da attaruhu da mahautan halal. Lokutan salla ma ka sa su cikin tsari: a Yuni magariba kan kai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa rana na faɗuwa kafin biyar, azahar da la'asar da magariba su cunkushe cikin kusan awa huɗu. Da ɗan gari akan ci gari, don haka in kana da ɗalibi ko ɗan kasuwa namu a can, tura masa tsarinka ya duba.

Ranar fita kada ka ɗauki littafin duka. Ɗauki hoton shafukan ranar a waya, ka kwafi adireshin masaukinka da sunan tasharsa a takarda saboda mutuwar caji. Tsayawa tsakiyar tashar Gare du Nord da ƙaton littafi a buɗe tallan kai ne ga 'yan sane. In ka rikice, shiga gidan shayi ka zauna ka duba a natse.

Ƙanena dai ƙaramin bugu ya saya, mai taswirar naɗewa a baya. Ya mayar da Louvre ran Laraba, ya ware safiyar Juma'a ga gunduma ta biyar. Nawa na 2018 ya koma kanta.