Yadda za ka gano aikin da ke karya bayan leburori

Idan kai ke kula da ma'aikata a wata masana'anta a Idu, Abuja, fara tsayawa wurin lodi ka zuba ido na rabin awa. Ƙirga sau nawa mutum ke sunkuyawa ya ɗago buhu daga ƙasa. Lura ko yana murɗa ƙugu da kaya a hannu, don murɗawar nan tana cin baya sosai.

Sai ka auna nauyin. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗaga, shi ma in kayan na manne da jiki, alhali buhun siminti kilo 50 ne.

Daga nan ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban oga ba, ina ke ciwo. Ka rubuta, ka sa a ɗora kayan kan dandamali daidai ƙugu, a kawo baro.