Yadda Ake Fara Bin Addinin Kemet A Gida

Kuskuren da kusan duk sabon shiga yake yi, ni ma na yi shi, shi ne farawa da sayayya. Mutum ya ga hotunan wurin ibadar wasu a intanet, mutum-mutumi jere reras, kyandir kala-kala, yadi mai ruwan zinare, sai ya ɗauka dole sai ya tara irin wannan tukunna. Ni wata kusan huɗu na ɓata ina jiran wai in haɗa kaya, ko ɗigon ruwa ban zuba ba. Alhali abin da ake buƙata ranar farko kofi ne mai tsabta da ruwan sanyi da ɗan lokaci da safe, shikenan.

Amma kafin ruwan, ka fara sanin me ka tunkara. Kemet shi ne sunan da mutanen tsohuwar Masar suke kiran ƙasarsu, wato baƙar ƙasa, saboda baƙin laka da kogin Nilu yake bari bayan ambaliya. Addininsu ya yi shekara sama da 3000 ana yinsa, sannan ya mutu murus. Rubutun hiroglif, wato rubutunsu na zane-zane, na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a haikalin Philae a shekarar 394, haikalin kansa kuma an rufe shi a ƙarni na 6 zamanin sarkin Rum Justinian, daga nan ba wanda ya ƙara iya karanta rubutun sai 1822 da Champollion ɗan Faransa ya warware shi. Kaga kenan igiya ta tsinke fiye da shekara dubu. Don haka duk wanda ya ce maka shi ya gaji sirrin ne kaka da kakanni daga firistocin Fir'auna, ka kama kanka da aljihunka. Abin da muke yi yau farfaɗowa ne, ana ɗauko shi daga bangon haikali da takardun fafirus, wato tsoffin takardunsu na ciyawar bakin kogi, ana sake ginawa, kuma ba abin kunya ba ne a faɗi haka. Ƙungiyoyin da suka fi suna a Amurka suke, kamar Ausar Auset Society da Ra Un Nefer Amen ya kafa a 1973, da Kemetic Orthodoxy ta Tamara Siuda da ta faro a ƙarshen shekarun 1980. Ba dole sai ka shiga wata ba, mutane da yawa su kaɗai suke yi a ɗakinsu.

Tunda daga rubutu abin ya dawo, karatu ba makawa. Shawarata ɗaya ce a nan, ka yi hattara da littattafan Wallis Budge, su ne suka fi yawa kyauta a intanet amma sun tsufa sosai, mutumin ya rasu tun 1934 kuma ilimin ya wuce inda ya bar shi. Fassarar Miriam Lichtheim ko ta Raymond Faulkner ta fi zama abin dogaro.

To sai wuri. Ka samu kanta ko ɗan tebur ko ma akwati mai murfi in kana zaune da mutanen da ba ka so su sa maka ido, ka goge shi tas, ka shimfiɗa farin ƙyalle. Kofin ruwa, ɗan faranti, fitila ko kyandir ɗaya, kaskon turare. Kayan nan kar ka riƙa haɗa su da na kicin, na wurin ne kawai. Hoton da ka buga a takarda ya isa, ko sunan netjer ɗin, wato abin bautar da ka zaɓa, ka rubuta da hannunka, ai a wajen mutanen Kemet suna ba ƙaramin abu ba ne, wani yanki ne na mai shi. Kuma don girman tarihi kar ka sayi kayan da aka ce maka na asali ne daga kabari, dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikinsu, galibi ma jabu ne, in kuwa na gaske ne to sato shi aka yi daga kushewar wani. Kyandir kuma ka nisanta shi da ƙyallen, ni nawa na farko har yanzu akwai baƙin tabon ƙuna a gefensa saboda na juya baya minti biyu kacal.

Kar ka ɗauka sai ka yi irin na haikali. Mu duba yadda talakawa suka yi. A Deir el-Medina, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan Kwarin Sarakuna a yammacin Luxor, an tono gidaje da 'yan ramuka a bango inda suke ajiye siffar Bes da Taweret, alloli masu tsare gida, da ta kakanninsu. Masu sassaƙa ne da masu fenti da matansu, ba firistoci ba. Su kansu firistocin a zamanin Sabuwar Daula rukuni huɗu aka raba su, ka yi wata ɗaya kana hidima ka koma gida wata uku. To kai da kake da aiki da iyali me zai sa ka ɗora wa kanka abin da ko su sai da suka yi karɓa-karɓa? Shi ya sa ma ake hana sabon shiga yi wa mutum-mutumi bikin buɗe baki, wanda ake yi don a raya siffar, don in ka yi ka ɗauki alkawarin hidima kullum ba fashi, ba tafiya ba ciwo.

Tsarki kuwa ba a wasa da shi. Sunan ƙaramin firist ma wab ne, wato mai tsarki, kuma Herodotus, marubucin tarihi ɗan Girka, ya ba da labarin suna wanka da ruwan sanyi sau biyu da rana sau biyu da dare. Suna amfani da natron, wanda kanwa ce, ana ɗebo ta daga Wadi el-Natrun. Kai dai ka yi wanka ko aƙalla ka wanke hannu da fuska, ka jefa ɗan mitsitsin kanwa a ruwa ka kuskure baki ka tofar, kar ka haɗiye. Bakin shi ne muhimmi saboda da shi za ka yi magana, kuma a wannan addini magana aiki ce, tana cikin abin da suke kira heka, wato ikon sihiri. Ka sa tufa mai tsabta, fara in da hali.

Ibadar safen kanta an san tsarinta daga zanen da ke haikalin Fir'auna Seti na Ɗaya a Abydos: a kunna wuta, a sa turare, a buɗe ƙofar ɗakin netjer, a gaishe shi, a miƙa abinci, in za a fita a share sawun ƙafa. Ta gida taƙaitacciya ce. Ka kunna fitila, ka sa turare (Plutarch, marubuci ɗan Girka, ya ce ƙaro suke ƙonawa da asuba, mur da tsakar rana, haɗin turaren da ake kira kyphi wato kapet da yamma, kai lubban kaɗai ma ya wadatar), ka ɗaga hannu biyu tafin yana kallon gaba, wannan shi ne dua, yabo kenan. Ka ce em hotep, wato cikin aminci. Ka zuba ruwan a hankali ka ce tsarkakakke ne, sau huɗu, don huɗu lamba ce ta cika a ibadarsu. Sai ka ajiye burodi ko dabino ko madara, ka faɗi abin da ke ranka da yarenka, kar lafazin tsohon yaren ya dame ka tunda hiroglif ba ya rubuta wasula, kowa kintace yake yi har da farfesoshi. Ka ɗan zauna shiru. Ni wannan shirun ne ya fi min komai, hayaƙi yana tashi siriri, hasken fitila yana rawa a kan ruwan kofin, gari bai gama wayewa ba. Minti goma ya ishe ka.

In ka gama, ka cinye abincin ka shanye ruwan. Haka ake yi tun asali, netjer ya ɗauki rabonsa sai kayan su dawo ga masu hidima, da shi ma ake biyan ma'aikatan haikali. Zubar da shi ɓarna ce. Saboda haka kar ka miƙa abin da ba za ka iya ci ba, giya tana cikin hadayar da aka fi ambata a rubuce-rubucensu amma in ba ka sha to bar ta.

Wa za ka fuskanta? Ka zaɓi ɗaya ko biyu ka karanta su sosai, Ptah na Memphis ga mai sana'ar hannu, Djehuty ga mai alƙalami, Aset, Hethert, Ra, ko ka ce Netjer kawai har zuciyarka ta natsu. Za ka ga muna amfani da sunayen Kemet ɗin maimakon na Girkawa, Wesir a madadin Osiris, Aset a madadin Isis.

Kakanni kuma, su ne akhu, wurinsu daban ake ware musu, wasu suna sa shi ta yamma don yamma ce ƙasar matattu a wajensu. Ka zuba musu ruwa ka kira sunayensu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. A bangon kaburbura akwai roƙon da mamaci yake yi wa masu wucewa, cewa in ba ku da komai a hannu to ku faɗa da baki, burodi dubu, giya dubu, shanu da tsuntsaye dubu, duk wani abu mai kyau mai tsarki. Suna kiran wannan peret-kheru, hadayar murya. Wannan abu yana taɓa ni ƙwarai, mutum ya mutu shekara 4000 kuma duk abin da yake nema a wajenka numfashi ne. Har wasiƙa suke rubuta wa matattunsu a cikin kwano. Abin da aka miƙa wa akhu da yawanmu ba ma ci, a ƙasa muke zubawa.

Yanzu ga inda nake so ka fi tsayawa, ma'at. In ka yi duk na sama ba ka da wannan to wasan yara ka yi. Ma'at ta haɗa gaskiya da adalci da daidaito da tsarin da ya riƙe duniya, kishiyarta isfet. A haikali babbar hadayar da sarki yake miƙawa ƙaramar siffar Ma'at ce a tafin hannunsa, don an ce da ita alloli suke rayuwa. A babi na 125 na abin da ake kira Littafin Matattu, mamaci yana tsayawa gaban alƙalai 42 yana faɗin abin da bai aikata ba, sannan a ɗora zuciyarsa a sikeli da gashin tsuntsu ɗaya a ɗaya gefen. Ka karanta jerin da kanka za ka sha mamaki yadda abubuwan na yau da kullum ne: ban tauye mudu ba, ban taɓa ma'aunin sikeli ba, ban ƙwace nono daga bakin jariri ba, ban tare ruwa a lokacin gudunsa ba, ban sa wani kuka ba, ban bar wani da yunwa ba. Ka lura jerin yana ɗan bambanta daga fafirus zuwa fafirus, don haka masu tallar wai ga dokoki 42 tak guda ɗaya tilo, sun gyara abin ne da hannunsu.

Yadda nake yi, kuma shi nake ba ka, da dare kafin in kwanta nakan ɗauki guda uku ko huɗu in tambayi kaina ko yau zan iya faɗinsu ba tare da na yi ƙarya ba. Akwai daren da na tsaya cak a kan ban sa wani kuka ba, don na san abin da na faɗa wa ƙanwata a waya da rana, washegari kafin in taɓa fitila sai da na kira ta. Kuma ba gujewa laifi kaɗai ba ne, manyan mutanen Kemet abin da suke alfahari da shi a bangon kabarinsu shi ne na ba mai yunwa burodi, na tufatar da marar tufa, na haye da wanda ba shi da jirgi. To ka nemo marar jirgin da ke kusa da kai.

Bukukuwa suna da yawa har sun yi yawa, kowane gari da nasa, kar ka ce za ka bi duka. Shekararsu wata 12 ce, kowanne kwana 30, an raba ta uku: Akhet lokacin ambaliya, Peret lokacin shuka, Shemu lokacin girbi, sai kwana 5 na ƙari da aka haifi Wesir da Heru babba da Set da Aset da Nebthet. A shekararka ta farko biyu sun isa. Akwai na Wesir a watan Khoiak, wata na huɗu, inda ake cika ɗan faranti da ƙasa a shuka sha'ir ko alkama a yi ta ba shi ruwa har ya tsiro, Kibɗawan Masar har gobe suna kiran watan Kiyak a kalandarsu. Sai kuma Wep Ronpet, buɗe shekara, wanda yake zuwa da fitowar tauraruwar Sopdet, wato Sirius, wadda Larabawa ke kira Shi'ira. Takan ɓace kamar kwana 70 sannan wata asuba ta sake ɓullowa dab da fitowar rana. A da kusan tare take zuwa da ambaliya, yanzu kam tunda aka gama madatsar Aswan a 1970 ambaliyar ta tsaya, tauraruwar ce dai ba ta fasa ba.

Ranar tana canzawa gwargwadon inda kake, a daidai Alƙahira farkon watan Agusta ne, in ka yi kudu ta riga, in ka yi arewa ta yi jinkiri. Sai ka zaɓa, ko ka bi lissafin Masar ko na sararin da ke kanka, ka tsaya a kan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun watan Yuni ka buɗe manhajar duba taurari irin Stellarium ka sa wurinka ka duba. In ka samu ranar ka ƙirgo kwana biyar baya, kowace rana kyandir ɗaya da suna ɗaya daga biyar ɗin nan da aka haifa a kwanakin ƙari. Ranar kanta ka tashi tun duhu, ka fita da kofin ruwanka ka fuskanci gabas, ka nemi taurarin nan uku da suke jere a tsakiyar taron taurarin Orion, wanda su suke kira Sah, ka bi layinsu da ido zuwa ƙasa wajen da sama ta fara ja. In hadari ko hazo ya rufe, ka zuba ruwanka haka nan ka dawo gobe da asuba ka sake dubawa.