Yadda ake gano gudan jini a babbar jijiya

A ɗakin hoto nake aiki a nan Kumasi, kuma abin da na fi ji daga mutanenmu na Aboabo da Asawase shi ne: "Ai an yi mini eksire, ba a ga komai ba." To, eksire ba ya nuna gudan jini.

Babbar jijiya, awota, daga zuciya take fitowa, ta bi ƙirji ta sauka ciki, ta rabu biyu daidai cibiya zuwa ƙafafu. Gudan jini kan maƙale a jikinta shiru, sai ranar da wani ɓangare ya ɓalle ya toshe hanyar ƙafa. Nan take ƙafar za ta yi sanyi, ta sage, ga azabar ciwo. Kada a tsaya shafa man zafi. A wuce sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, domin bayan kamar awa 6 naman ƙafar yakan fara mutuwa.

In a ciki ake zaton gudan yake, da sikan ake farawa, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. In ba gaggawa ba ne, a zo ba a ci komai ba awa 6 zuwa 8. Koko da ƙosai su jira, domin iskar hanji tana ɓoye mana jijiyar a hoto.

Amma siti sikan ne mai raba gardama. Ana ɗura ruwa mai sinadarin ayodin ta jijiyar hannu, jini ya fito fari tas a hoto, gudan kuwa ya rage duhu. Ƙoda ce ke fitar da ruwan, shi ya sa muke son ganin gwajinta tukuna. Mai ciwon suga da ke shan metformin ya faɗa, haka mai ciki, da wanda ruwan ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi. Za ka ji ɗumi ya ratsa ka har kamar fitsari ya zubo. Baba, kwantar da hankalinka, bai zubo ba. In na ce riƙe numfashi, ka riƙe, motsi kaɗan yana ɓata hoton.

In a ƙirji gudan yake, likitan zuciya kan zura siririn bututun sikan ta maƙogwaro, ya ga ko yana lilo, don mai lilon ya fi saurin ɓallewa.

A karɓi faifan hoton tare da takardar sakamako. In aka tura mutum asibitin Korle Bu a Accra, likitan tiyata zai so ya ga hoton da idonsa.