Babi na Shida: Karanta Kwalin Maganin Ƙwaƙwalwa

Darasi na ɗaya: Sunan da ke jikin kwali

Kowa ya fito da kwalin maganin da aka ce ya zo da shi, ko da na ciwon kai ne. Ku ɗora shi a cinya, rubutu yana kallon sama. Wanda bai zo da nasa ba ya matsa kusa da na gefensa.

A babin nan za mu yi aiki da maganin da ake kira sitikolin, domin da yawanku kun yi tambaya a kansa. Wasu likitoci suna rubuta wa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko buguwa a ka, ana kuma tallarsa da sunan maganin mantuwa. Akwai na ƙwaya, akwai na ruwa, akwai na allura.

A jikin kwali suna biyu za ku gani. Babban, mai launi, kamfani ne ya raɗa, misali Somazina. Ƙaramin da ke ƙasansa shi ne ainihin sunan maganin. Ga yadda ake rubuta namu: citicoline. Ku bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, goma ne. Akwai cetirizine, maganin ƙaiƙayi da atishawa, shi ma harafi goma ne, shi ma da c ya fara. Saboda haka ganin harafin farko bai isa ba, sai an kai ƙarshe.

Kusa da sunan za ku ga 500 mg, ko wata lamba. Ba farashi ba ne, ba kuma yawan ƙwayoyin ba ne. Ƙarfin ƙwaya ɗaya ke nan.

Darasi na biyu: Watan lalacewa

A nan ake tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Ku juya kwalin, ku duba gefe ko gindi. Layi biyu ne masu lambobi, kamar haka:

MFG 03/2024
EXP 02/2027

Na sama, mai farawa da M, lokacin da aka yi maganin ne. Na ƙasa, mai farawa da E, lokacin da zai lalace ne. Mai E muke nema. Ku ɗora yatsa a kan E. Kada yatsan ya hau sama.

To, lambar farko wata ce, ta biyu shekara. Wata, sannan shekara. 02 ba 2 ga wata ba ne, wata na biyu ne, Fabrairu. Ke nan maganin ya ƙare aiki a Fabrairun 2027. Mu maimaita tare: E, wata, shekara. A sake: E, wata, shekara. Madalla, Hajiya, haka ake yi.

Gwaji: EXP 11/2026. Yatsa a kan E. 11 wane wata ne? Ku ƙirga daga Janairu, ba kunya a ƙirga da yatsu, masu boko ma suna yi. Nuwamba. Shekara fa? 2026. Wani gwajin: EXP 06/28. An gutsure shekarar, 28 tana nufin 2028. Wata dai shi ne a gaba, Yuni.

Yanzu kowa ya karanta na kwalinsa da ƙarfi. Wanda ya ɓata ya koma kan E ya sake, ba wanda zai yi masa dariya. Amma haba jama'a, har yanzu ana samun mai karanta layin M ya ce magani ya lalace, wani kuma ya ga shekara kawai ya rufe kwali. Mutum ya iya lissafin kwando ɗari na tumatir a Mile 12 ba biro ba takarda, lambobi shida su gagare shi? Gaggawa ce kawai. E, wata, shekara. Mai tallan magani a cikin mota ba zai karanta maka ba, kuma idan an kankare wurin ko an liƙa wata takarda a kai, mayar masa da kayansa. A kemis mai rajista ake saye, a duba lambar NAFDAC a jiki.

Darasi na uku: Abin da bincike ya gano

Sitikolin ba baƙon abu ba ne ga jiki, jiki da kansa yana haɗa shi. A shekarun 1950 wani masani a Amurka, Eugene Kennedy, ya gano cewa da shi ake gina ɓawon da ke lulluɓe ƙwayoyin halitta, har da na ƙwaƙwalwa, kamar yaɓen da ke riƙe da bango. Daga nan aka yi tunanin ko zai gyara ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. Tunani ne mai kyau, amma sai an gwada.

Yadda ake gwadawa: a raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wanda ya san wadda aka ba shi. A 2012 an fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu. Na farko a Turai, kan mutum 2,298 masu shanyewar ɓarin jiki. Na biyu a Amurka, kan mutum 1,213 da suka bugu a ka. Duka biyun ba a ga waɗanda suka sha maganin sun fi sauran samun sauƙi ba.

Kan mantuwa akwai ɗan labari mai daɗi. A 2021 an gwada mutum 100 masu shekara 50 zuwa 85, ana ba kimanin rabinsu 500 mg kullum har mako 12, aka ga tunawar waɗanda suka sha ta ɗan ƙaru. Sai dai ku rubuta 100 a ƙarƙashin 2,298 ku ga bambanci, kuma kamfanin da ke yin maganin ne ya ɗauki nauyin binciken. Ni dai ba zan hana wanda likita ya rubuta wa sha ba. Wanda kuwa ya ce muku yana warkar da shanyewar jiki, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

Ku duba kwalinku kuma. E, wata, shekara.

Darasi na huɗu: Ranar da ba a zuwa kemis

Ga alamun shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Ko da ɗaya aka gani, asibiti kai tsaye, ba kemis ba, ba jiran gari ya waye ba. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa yana da awanni kaɗan, huɗu da rabi daga lokacin da alamun suka fara. Na Idi-Araba, asibitin koyarwa na LUTH na kusa da ku. Na Agege, asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja. Lambar gaggawa a Legas 112 ko 767. Ku kwafe su a littafi.

Darasi na biyar: Kiyaye ƙwaƙwalwa

Hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki, a riƙa aunawa, a rage gishiri. Mai babur ya sa hular kwano. Ƙwai, hanta, kifi da waken suya suna da kolin, sinadarin da jiki ke haɗa sitikolin da shi.

Aikin gida: a kwafo layin E na kwalaye uku, a rubuta sunan watan kowanne da Hausa.